Haƙƙin Mai Ɗaukar Kaya a Kan Hanyar Duwatsun Nefal

 Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko kai almajiri ne a zaure ko ɗan kasuwa a rumfa, ka sani wannan magana ce a kan mas'ala guda ɗaya, ita ce: idan mutum ya ɗauki wani aiki, ya ɗora masa kaya, ya biya shi ladan da suka yi yarjejeniya a kai, shin ya fita daga haƙƙinsa ke nan, ko kuwa akwai sauran bashi a wuyansa? Na zaɓi in kai ka wata ƙasa mai nisa domin a duba mas'alar a can, saboda a can kaya suna da nauyi ƙwarai, hanya tana da hatsari ƙwarai, abin da yake ɓoye a kasuwarmu a can ya fito fili.

Fasali na farko, a kan ƙasar da hanyarta

Ka sani akwai ƙasa sunanta Nefal, tana tsakanin Indiya da Tibet ta ƙasar Sin, a jikin jerin duwatsun Himalaya. A kan iyakarta ta arewa dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a duniya yake, wanda Turawa suke kira Eberest, mutanen Nefal suke kira Sagarmata, mutanen Tibet da Sherfa suke kira Comolungma. A shekarar 2020 Nefal da Sin suka bayyana awonsa, ya kama mita 8,849. Domin ka gane girman wannan lissafi, dutsen da ya fi tsawo a Nijeriya, wato Cafal Wadi, mita 2,419 ne, bai ma kai tudun garin da masu tafiya suke fara ɗaga ƙafa daga cikinsa ba.

A gindin wannan dutse akwai yanki sunansa Kumbu, mazaunin wata al'umma da ake kira Sherfa. Ma'anar sunan a harshensu mutanen gabas, domin kakanninsu sun taso daga gabashin Tibet shekaru wajen 500 da suka wuce, suka ƙetaro ta wani mashigi mai suna Nangfa La. Kalmar la a bakinsu ita ce mashigi, wato wurin da dutse ya ɗan sunkuya tsakanin ƙololuwa biyu har mutum ya iya ƙetarewa. Mabiya addinin Budda ne, suna noman dankalin Turawa, suna kiwon wani irin sa mai dogon gashi da suke kira yak. Kuma, ya kai ɗan kasuwa, fatake ne tun asali: sukan haura Nangfa La su sayo gishiri da ulu daga Tibet, su gangara kudu su musanya da hatsi da shinkafa. Wannan fatauci ya yi rauni bayan shekarar 1959, lokacin da Sin ta ƙarfafa riƙon Tibet ta tsananta kan iyaka, sa'an nan gishirin Indiya ya shigo kasuwa. A daidai wannan zamani wata sana'a ta buɗe musu, ita ce rakiyar baƙi. Nefal ta fara buɗe ƙofarta ga baƙi wajen 1950, kuma a 1964 wani tsohon hafsan sojan Ingila mai suna Jimi Robats ya kafa kamfanin farko na kai mutane yawon ƙafa cikin duwatsu. Kafin annobar 2020, baƙin da suke shiga wannan yanki sun haura 50,000 a shekara.

Ga yadda tafiyar take. Baƙo yakan sauka da ƙaramin jirgi a Lukla, a tudun da ya kai mita 2,800 da ɗoriya, a filin da aka gina a 1964. Daga nan sai ƙafa. Kwana biyu yana bin gaɓar kogin Dud Kosi, yana ƙetare gadojin igiyar ƙarfe masu lilo a kan kwazazzabai, har ya isa Namce, a mita 3,440, babbar kasuwar yankin, wadda take ci ranar Asabar. Wanda ya nufi mashigin Co La sai ya bi ta Dole da Macermo zuwa Gokyo mai tafkuna, ya ƙetare kogin ƙanƙara na Ngozumfa, ya kwana a Tagnak. Kafin asuba sai a tashi, domin idan rana ta ɗaga iska takan taso, duwatsu kuma sukan saki su gangaro. A hau tsakuwa da manyan duwatsu har a kai mita 5,420, inda tutocin addu'arsu suke kaɗawa, sa'an nan a taka ƙanƙara a gangara zuwa Zongla. Akwai waɗansu mashigai biyu, Renjo La mai mita 5,360 da Kongma La mai mita 5,535, kuma akwai masu haɗa ukun a tafiya ɗaya ta kusan mako uku.

Fasali na biyu, a kan hukuncin iska

Ka sani, Allah ya ƙara maka fahimta, babban abokin gaba a wannan hanya ƙarancin iska ne. Duk sa'ad da mutum ya ƙara hawa, iska tana ƙara sirancewa, har idan ya kai tudun waɗannan mashigai, abin da huhunsa yake samu a numfashi ɗaya kusan rabin abin da yake samu a bakin teku ne. A ƙololuwar Eberest kuwa kusan sulusi ne. Jiki yana iya sabawa, amma a hankali yake sabawa, kuma ba a sayen sabon da kuɗi. Saboda haka likitoci suka kafa ƙa'ida: idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wanda ya saɓa wannan ƙa'ida, ciwon tudu yakan kama shi. Farkonsa ciwon kai da tashin zuciya da ƙin abinci da rashin barci. Idan aka yi biris aka ci gaba da hawa, ruwa yakan taru a huhu, mutum ya riƙa tari yana haki ko yana zaune, ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi kamar mashayi yana magana ba kan gado. Waɗannan biyun suna iya kisa cikin yini ko kwana. Babban maganinsu shi ne a sauka ƙasa nan da nan, ko da dare ne, kuma kada a bar maras lafiya ya sauka shi kaɗai, domin hankalinsa ba ya tare da shi. Saboda wannan ciwo aka kafa ƙungiyar ceto ta Himalaya a 1973, take ajiye likitoci a ƙauyen Ferice lokacin da baƙi suke yawa.

Riƙe wannan da kyau, domin hujja za ta ginu a kansa: ciwon tudu ba ya tambayar wa ya biya kuɗi, wa aka biya.

Fasali na uku, a kan masu ɗaukar kaya

Babu hanyar mota da ta kai Namce. Shinkafar da baƙo zai ci, da tukunyar gas da za a dafa ta, da katako da kwanon rufin masaukin da zai kwana, mafi yawansu a bayan dabba ko a bayan ɗan Adam suka hau. Har nama ma daga ƙasa ake hauro da shi, domin Sherfa ba sa yanka dabba a yankinsu. Ɗan dakon wannan ƙasa yana zuba kaya a kwando, ya ɗaura masa maɗauri, ya rataya maɗaurin a goshinsa, nauyin ya sauka a wuya da gadon baya. Yana riƙe da gajeriyar sanda mai kai kamar na guduma, idan ya gaji ya kafa ta ƙarƙashin kwandon ya huta a tsaye. A 2005 waɗansu masana suka buga abin da suka auna a hanyar Namce ana gobe kasuwa: namiji yana ɗaukar, a tsaka-tsaki, kashi 93 cikin 100 na nauyin jikinsa, mace kuma kashi 66. Wato mutum yana hawan dutse yana goye da kusan kwatankwacin kansa. Su kuwa masu rakiyar baƙi, ƙa'idar da aka sani ita ce kada kayansu su wuce kilo 30, sai dai ba kullum ake kiyaye ta ba.

A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu a bakin baƙi, wajibi ne a gyara shi. Suna kiran duk mai ɗaukar kaya Sherfa, suna zaton an haife shi a kan ƙanƙara. Alhali Sherfa sunan ƙabila ne, kuma yawancinsu a wannan zamani su ne jagorori da masu masaukai da ƙwararrun mahaya ƙololuwa. Mafi yawan 'yan dako kuwa daga ƙananan kwaruruka masu ɗumi suke haurowa, daga ƙabilun Rai da Tamang da Magar da waɗansunsu, manoma ne da suke neman abin rufin asiri tsakanin shuka da girbi. Gaskiya ne jikin Sherfa ya gaji wata baiwa daga zaman kakanninsa a tudu, kuma masana na jami'ar Kambirij sun nuna a 2017 cewa naman jikinsu yana tattalin iskar numfashi fiye da na mutanen ƙasa. Amma ɗan dakon da ya hauro daga kwari ba shi da wannan gado. Yana kamuwa da ciwon tudu kamar yadda baƙo yake kamuwa, bambancinsu kawai shi yana da kilo 30 a baya, tufarsa ba ta kai ta baƙo kauri ba, takalminsa bai kai nasa ƙarfi ba, kuma sau da yawa ɗakin kwanansa daban ne.

Fasali na huɗu, a kan mas'alar kanta

To, ga baƙo ya biya kuɗi, ga ɗan dako ya karɓa. Me ya rage? Abin da nake gani shi ne, lada yana sayen ƙarfin mutum da lokacinsa, ba ya sayen ransa, domin rai ba haja ce da mai ita yake da ikon sayarwa ba. Kuma wanda ya zaɓi hanya, ya zaɓi rana, ya zaɓi saurin tafiya, shi ne yake ɗauke da alhakin abin da hanyar za ta yi wa wanda ya biyo shi saboda ladansa. Baƙo ya zo wannan dutse don sha'awa, yana iya fasawa ba abin da zai ragu a tukunyar gidansa. Ɗan dako ya zo don bukata. Ƙafafunsu suna taka dutse ɗaya, amma ba abu ɗaya ya kawo su ba.

Idan ka ce: ai ya yarda, ba wanda ya tilasta shi, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai in ce maka: yardarsa gaskiya ce, ba na rushe ta, domin shi baligi ne mai hankali, kuma raina yardarsa raina shi ne. Amma ka duba abin da ya yarda da shi. Ya yarda ya kai kaya daga zango zuwa zango. Bai yarda a bar shi a hanya idan huhunsa ya cika da ruwa ba. Sa'an nan yarda ba ta cika sai da abu biyu, sanin abin da aka shiga da ikon cewa a'a. Saurayin da ya fara hawa karo na farko bai san alamun ciwon tudu ba. Wanda ya sani kuma yakan ɓoye ciwonsa, domin ya san idan ya faɗa za a sallame shi, ladan sauran kwanaki ya tafi, wataƙila a baɗi ma ba za a kira shi ba. Mutumin da faɗin gaskiya zai jawo masa yunwa, shirunsa ba hujja ba ce a gare ka. An ga haka a fili a 1997, lokacin da wani matashin ɗan dako ya kamu da ciwon tudu a wata hanyar ta Nefal, aka biya shi ladansa aka ce ya sauka shi kaɗai, ya mutu a hanya.  Shin akwai mai hankalin da zai ce an fita daga haƙƙinsa? Wannan mutuwa ce ta sa wani likita mai suna Jim Daf da abokansa suka kafa ƙungiyar kare 'yan dako a wannan shekara, wadda daga baya ta buɗe wurin jinya da makwancin 'yan dako a Macermo.

Idan ka ce: wannan aikin kamfani ne da jagora, ni kuɗi na ba su, su suka ɗauki mutanensu. Sai in ce maka: kai ɗan kasuwa ne, ka san inda rangwame yake fitowa. Idan kamfani biyu suka yi maka farashi, ɗaya ya sauko ƙasa ƙwarai, kuɗin jirgi bai ragu ba, harajin hukuma bai ragu ba, abincinka bai ragu ba, to daga ina aka yanko? An yanko daga wanda ba ya wurin cinikin: an haɗa wa mutum ɗaya kayan mutum biyu, ko an hana shi rigar sanyi, ko ba a yi masa inshora ba. Dillali yana ɗaukar rabonsa na laifi, amma shigarsa tsakani ba ta wanke wanda ya matsa farashi alhali ya san a kan wa matsin zai sauka. Wanda bai sani ba kuwa, tambaya ba ta da tsada.

Idan ka ce: ai sun saba, aikinsu ne tun suna yara. Sai in ce maka: sabo yana rage kuka, ba ya rage nauyi. Kilo 30 a goshin wanda ya saba kilo 30 ne, gwiwarsa da wuyansa suna lissafi, za su kawo masa takardar bashi idan ya tsufa. Jiki magayi. Wannan magana ta sun saba ita ce mafi hatsari cikin uzurori, domin tana kama da yabo, alhali aikinta shi ne ta kwantar da zuciyar mai faɗinta ya daina dubawa.

Idan kuma ka juya ka ce: to tun da haka ne, mafi tsarki shi ne kada a ɗauki kowa, kowa ya ɗauki kayansa ko ya zauna gida. Sai in ce maka: wannan ma kuskure ne, kuma wanda zai fara cutuwa da shi ɗan dakon ne. Da wannan sana'a aka rufa gidaje da kwano, aka sa yara makaranta, har waɗansu 'ya'yan masu ɗaukar kaya suka zama likitoci da matuƙan jirgi. Da girgizar ƙasa ta afka wa Nefal ranar 25 ga Afrilu 2015 ta kashe mutane kusan 9,000, da kuma annoba ta rufe hanya a 2020, baƙi suka ɗauke ƙafa, an ga irin ƙuncin da ya sauka a gidajen da suke ci daga dako. Wanda ya hana mabukaci aiki don hannunsa ya zauna da tsabta, ya sayi natsuwar zuciyarsa da cikin wani. Abin nema shi ne a ba da aikin, a kuma ba da haƙƙin da yake tafe da shi.

Fasali na biyar, a kan rabon hatsari

Wajibi ne a yi adalci a nan, domin ba kowace mutuwa a dutse ce zalunci ba. A watan Nuwamba 1995 dusar ƙanƙara mai yawa ta sauka a kwarin Gokyo, ta zabtaro ta binne masauki a wani wuri da ake kira Fanga, mutanen Jafan 13 suka mutu tare da mutanen Nefal da suke rakiyarsu. A watan Oktoba 2014 guguwa ta rutsa da matafiya a mashigin Torong La da kewayensa, sama da mutum 40 suka rasu, baƙi da 'yan ƙasa. Wannan hatsari ne da ya faɗa wa kowa. Akwai kuma wani iri, wanda ake turawa kan wani don a sauƙaƙa wa wani. Misalinsa a hanyar hawan Eberest, inda akwai wani gangaren ƙanƙara mai tsagewa da rushewa da ake kira zubowar Kumbu. Baƙo yakan ratsa shi sau kaɗan, ma'aikaci kuwa yana kai da kawowa a cikinsa sau da yawa, yana kai tantuna da abinci da tukwanen iska. Ranar 18 ga Afrilu 2014 ƙanƙara ta ɓalle a wurin ta kashe ma'aikata 16, dukansu 'yan Nefal, babu baƙo ko ɗaya. Abin da hukuma ta fara miƙa wa kowane gida rufi 40,000 ne, kimanin dalar Amurka 400, a dutsen da baƙo ɗaya yake kashe dubban daloli kafin ya hau. Ma'aikatan suka ajiye aiki a wannan shekara, sa'an nan aka ƙara kuɗin inshorarsu. Tun a 1922 ma, mutanen farko da aka rubuta mutuwarsu a wannan dutse masu ɗaukar kaya ne su bakwai. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga ma'auni, ya kai ɗan'uwa, da za ka rarrabe iri biyun. Ka tambayi kanka: abin da nake ɗora wa wannan mutum, da ɗana ne ko ƙanena yake ƙarƙashin kayan, zan yarda da wannan nauyi, da wannan riga, da wannan sauri? Idan ka yarda, to hatsarin da ya rage na hanya ne, kun raba shi tare. Idan ba ka yarda ba, to ka sani akwai wani rabo na hatsarin da kai ka ɗora, kuma kai za a tambaya.

Ka sawwara baƙo a Tagnak da asuba. Ya tara kuɗin wannan tafiya shekaru, ya ƙetaro teku, mashigi yana gabansa tafiyar 'yan sa'o'i, sama ta washe, gobe kuma ba tabbas. Sai ya ji mai ɗaukar kayansa yana tari mai ruwa, ya ga leɓensa ya sauya launi, amma da aka tambaye shi ya ce lafiya lau. A nan ake gane mutum. Yana iya karɓar wannan lafiya lau ya wuce, ba wanda zai kama shi. Yana iya biyansa ya ce ya sauka, ya nemi wani. Abin da ya wajaba kuwa shi ne a saukar da shi tare da wanda zai kula da shi, a nema masa magani kamar yadda za a nema wa baƙon, a biya shi ladan kwanakin da aka yi alkawari, ko da hakan ya sa tafiya ta wargaje. Asarar baƙo gaskiya ce, kuma tana da zafi, ba na ƙaramta ta. Sai dai mashigi yana nan baɗi, yana nan bayan shekara goma, shi kuwa mai tari idan ya tafi ya tafi.

Fasali na shida, a kan suna da yabo

Akwai wani haƙƙi da ba a auna shi da kuɗi, shi ne a ambaci mutum da aikinsa. Ranar 29 ga Mayu 1953 mutum biyu suka fara taka ƙololuwar Eberest, Edmon Hilari na ƙasar Niyu Zilan da Tenzin Norge, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙauyen Tame ya kuma fara da dako a 1935. A ƙarƙashinsu akwai 'yan dako sama da 300 da suka ɗauko kayan ayarin daga Katmandu, waɗanda duniya ba ta riƙe sunayensu ba. Ingila ta ba Hilari da shugaban ayarin, Jon Hant, sarautar Sir, Tenzin kuwa aka ba shi lambar yabo. Mutane suka yi ta gardamar wa ya riga wa, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma babu ɗayansu da zai kai shi kaɗai.

Abin koyi a nan shi ne abin da Hilari ya yi bayan haka. Bai ɗauka cewa ladan da aka biya a 1953 ya rufe lissafi ba. Ya koma Kumbu ya gina makaranta a Kumjung a 1961, da asibiti a Kunde a 1966, ya ci gaba da wannan aiki har bayan da matarsa da 'yarsa suka rasu a hatsarin jirgi kusa da Katmandu a 1975, suna kan hanyar zuwa wurinsa inda yake ginin wani asibitin. Bai bari ba har ya rasu a 2008. Ka duba kuma Afa Sherfa, mutumin Tame, wanda mahaifinsa ya rasu yana yaro ya bar karatu ya shiga dako, daga baya ya hau Eberest sau 21. Da ya sami suna, abin da ya sa gaba shi ne taimakon makarantun yankinsu, domin yaran da suke tasowa su sami zaɓin da shi bai samu ba. Wanda ya fi kowa sanin nauyin kwando, ilimi ya nema wa na baya. Wannan ya isa ya nuna maka cewa cikar adalci ga ma'aikaci ita ce a kai ga ranar da zai iya cewa a'a, sa'an nan idan ya ce i, yardarsa ta zama cikakkiya.

Rufewa

Ya kai ɗan kasuwa, wataƙila ba za ka taɓa ganin Co La ba, amma kakanninka sun san wannan mas'ala, domin ayarin goro da ya riƙa zuwa Gwanja yana da madugu da jagaba, yana kuma da 'yan alaro da suke ɗauke da kaya a ka, kuma ana gane madugun kirki da yadda yake yi da wanda ya gaza a tsakanin zango da zango. Yau ma kana da ɗan dako da yake sauke maka buhu daga mota, da mai baro, da yaron mota da yake kwana a kan kaya. Ka auna kayan kafin ka ɗora. Ka faɗi lada kafin a fara, ka biya da an gama ba tare da ja-in-ja ba. Idan ya ji rauni a cikin aikinka, jinyarsa tana cikin kuɗin hajarka, ka lissafa ta tun farko kamar yadda kake lissafa kuɗin mota. Ka san sunansa, ka kira shi da shi. Ya kai almajiri, kai ma sau da yawa kai ne a ƙarƙashin kayan, to ka sani faɗin cewa ka gaza ba abin kunya ba ne, kuma idan wata rana ka zama mai ɗora wa wani, ka tuna yadda gammo yake a ka.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa a rubuta a kan wannan mas'ala. Allah ya sa mu fita daga haƙƙin waɗanda suka ɗauke mana nauyi, ya gafarta wa marubuci da mai kwafa da mai karatu. Allah ne mafi sani. Tammat.